Shafuka Huɗu Marasa Rubutu

Ranar da na tozarta Baba Mai Agogo a gaban mutane ban san idanunsa sun tafi ba. Da wannan nake farawa don shi kaɗai ne uzurin da nake da shi, kuma ni kaina na san bai isa ya wanke ni ba.

Mu biyar ne muke haɗuwa duk Asabar da yamma a ɗakin baya na wani shagon buga takardu, inda mai shagon yake jibge kwalaye. Littattafan zane ne suka haɗa mu, irin waɗanda labari ke tafiya akwati bayan akwati, hoto a ciki, maganar mutane kuma a 'yan da'irori saman kawunansu. Dukanmu manya ne masu iyali, kuma babu wanda bai sha jin "wai kai yaushe za ka girma?" a gidansa ba. Tsarin zaman mai sauƙi ne. A zagaya, kowa ya faɗi abin da yake karantawa a makon da yadda ya gan shi, sauran su yi masa ca. Doka ɗaya ce mai tsauri, kuma Baba Mai Agogo ne ya kafa ta: wanda bai karanta da kansa ba, kada ya kawo mana ra'ayin da ya tsinto a waya ko a bakin wani.

Ni tela ne, amma a ɗakin nan Lauya ake kirana, saboda ko an gama gardama sai na ƙara kalma ɗaya. Shi kuwa Baba ya shekara arba'in yana gyaran agogo kafin ya rufe shagonsa bara, ya ce mana wai kowa ya koma duba lokaci a waya. Muka yarda. Duk cikinmu babu mai idonsa. Zai bar ka ka gama zuba, sannan ya ce, "To, ka lura a akwati na uku kofin yana hannun dama, a na huɗu ya koma hagu?" Sai ka buɗe ka ga haka ne. Ya yi mini wannan ya fi a ƙirga, kuma shekara bakwai ina jiran ranar da zan rama. Ina son mutumin, wallahi, amma ina jira.

Yanzu in na tuna, alamun a fili suke. Ya koma riga kowa zuwa, kuma shi ne ƙarshen tashi. In zai wuce yana shafa kwalaye da bayan hannu. Ya daina maganar zane kwata-kwata, sai dai wane ya ce kaza, wance ta amsa kaza. Ni da nake taƙama da lura, abin da na fahimta kawai shi ne tsufa ya fara sa shi laushi.

A Asabar ɗin da abin ya faru, Gajere ne ya fara. Direban babbar mota ne, dogo har sai ya sunkuya a ƙofa. Ya ce yana karanta wani na masu tashi sama suna rushe gine-gine, kuma ya gaji. "Fitowa uku ana dambe ɗaya. Ni tambayata, wa yake share garin bayan sun gama?"

Malama, wadda ke koyar da lissafi a sakandare, ta ce shi ya jiyo, ita wani take karantawa na wata tsohuwa mai gidan abinci, kuma ta yi kuka sau biyu. Gajere ya ce ya leƙa shi, shafi goma ana yanka albasa, dole ta yi kuka. Mai shago ya ce shi abin da ya dame shi takardar ce, sun rage mata kauri sun ɗauka ba za a gane ba. Kullum nan yake tsayawa, ba ya taɓa kaiwa ga labari.

Daga nan muka zo kan wanda dukanmu muke bi, labarin wata mace mai kai wasiƙu tsakanin garuruwan duwatsu bayan yaƙi, tana tafe da ƙaninta. Fitowa ta goma sha huɗu ce ta iso a makon. A cikinta gadar igiya ta tsinke da su, ƙanin ya faɗa kogi, ruwa ya tafi da shi. Mai zanen ya yi wannan duka a shafuka huɗu da babu rubutu ko kalma ɗaya. Bayan haka matar ta isa masauki ita kaɗai, mai masaukin ya tambaye ta ina ɗan'uwanta, ta ce, "Yana baya, zai same ni." Har ƙarshen fitowar haka take faɗa wa kowa, don ta kasa furta gaskiyar.

Ba mu kai ga ambaton gadar ba Baba ya gyara zama ya ce, "Ni fa ina ganin an fara ja mana rai. Wannan ƙanin, me ya tsayar da shi a baya? In a fitowa ta gaba bai iso da ƙwaƙƙwaran dalili ba, marubucin ya raina mana hankali."

Malama ta kalle ni, na kalli Gajere. Abin da na ji a ƙirjina a lokacin daɗi ne, kuma ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Baba, wane ƙanin?"

Ya ce, "Ƙanin nata mana."

"Zai iso a fitowa ta gaba?"

"In marubucin yana da kunya."

Sai na miƙe tsaye, abin da ba a yi a zamanmu. Na ɗaga littafin na buɗe shafukan a gabansa, na ce ya duba da kyau ya faɗa mana ta wace hanya yaron zai iso, ta ruwa ko ta sama. Gajere ya fashe da dariya. Ban tsaya nan ba. Na ce ashe mai doka shi ne ɓarawon doka, ashe taƙaitawa yake karantawa a waya ya zo ya yi mana fankama. Na tambaye shi tun yaushe yake yi mana haka. Har na kwaikwayi muryarsa, "a akwati na uku kofin yana dama," mai shago yana riƙe ciki. Malama ce kaɗai ta ce, "Lauya, ya isa haka."

Baba ya fuskanci littafin da nake riƙe da shi na ɗan lokaci. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ka kama ni."

Asabar ta zagayo bai zo ba, ta biyu ma haka. Na ce fushi ne, zai huce. Amma ina zaune a kan keken ɗinki sai murmushin nan ya riƙa faɗo mini, har na haɗa hannun wata riga a baibai na farke. Ranar Laraba da hantsi na rufe shago na tafi gidansa.

Matarsa ce ta buɗe mini. Bayan mun gaisa ta tsayar da ni a baranda, ta rage murya.

"Kai ne Lauya ko?"

"Ni ne, Mama."

"Ɗana, ni na jawo masa. Ni nake karanta masa littattafan nan tun bara." Ta ga ban gane ba, sai ta nuna idonta da yatsa. "Jijiyar ido ce. Likita ya ce an makara. Haske da duhu yake bambancewa, sai inuwar mutum in ya matso. Ni ban san kan abin nan naku ba, inda na ga rubutu nake karantawa. Da na zo wurin da babu rubutu na ɗauka ado ne, na wuce. Ga tukunya a wuta, ban ma tsaya kallo ba."

Ni dai na tsaya riƙe da takalmina a hannu. Kunya ta rufe ni, irin wadda take sa mutum ya ji zafi a bayan kunne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda na ɗaga littafin dab da fuskarsa ina cewa ya duba da kyau.

Yana zaune a falo kusa da taga, da wani agogon hannu yana murza shi a yatsu. Ina yin sallama ya gane muryata.

"Lauya. An zo ƙarasa shari'a?"

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, maganar tana fita a hargitse. Ya katse ni.

"Bar wannan. Littafin yana kan tebur. Tun ranar nake so in san abin da ke shafukan nan, ita kuma in na tambaye ta sai ta ce wai ruwa ne da igiya. Zauna ka faɗa mini."

Na buɗe na fara. Na ce gada ta tsinke, yaron ya faɗa.

"Ba haka ake karatu ba. Akwati nawa ne a shafin farko?"

Na ƙirga, na ce shida.

"Manya ko ƙanana?"

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko ana ganin fuskarta, na ce a'a, bayanta aka zana. Ya tambayi hannuwansu. Na ce ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya.

"To wa ya saki wani?"

Na buɗe baki zan ce ruwa ne ya raba su, sai na sake dubawa. A ƙaramin akwati na ƙasa, yatsunta a damƙe suke, nasa ne a buɗe. Sau uku na karanta fitowar nan ban gani ba. Na faɗa masa.

Ya jinjina kai a hankali. "Shi ya saki don kada ya ja ta. Shi ya sa ta kasa faɗa." Sannan ya ce, "Mai zanen nan ya iya aiki."

Ganin ya sake, sai na samu ƙarfin gwiwa. Na ce duk Laraba zan riƙa zuwa in karanta masa, akwati-akwati, yadda yake so. Ranar Asabar kuma in biyo in ɗauke shi, in tsaya a gaban kowa in faɗi gaskiya in janye maganata.

Ya ce, "Larabar na karɓa. Asabar kuwa a'a. Kuma ba za ka faɗa wa kowa ba."

"Haba Baba, suna ganin ƙarya kake yi mana."

"Su gani." Ya ajiye agogon a cinyarsa. "Ka san yadda gidan nan ya koma? 'Ya'yana in sun zo a hankali suke mini magana, kamar kunnen ne ya mutu. In na ce fari baƙi ne sai su ce haka ne Baba. Ɗakin nan naku ne kaɗai ya rage inda in na yi magana wani zai ce ƙarya nake. In ka faɗa musu, Gajere zai riƙa ja mini kujera, Malama za ta riƙa kallona tana share ido, kai kuma ba za ka sake musa mini ba. Ka ga ma tun da ka shigo ba ka musa mini ko sau ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa.

"Gara su tuna ni a tsohon da aka kama yana fankama. Wannan aƙalla da ƙafarsa ya faɗi. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Yanzu wata huɗu ke nan ina zuwa duk Laraba. Ina ƙoƙarin yi masa gardama kamar da, amma yana ganewa in da gangan nake yi, sai ya ce in ci gaba da karatu kawai.

Asabar da ta wuce wani sabon mutum ya fara zuwa zamanmu, ma'aikacin banki ne, abokin mai shago. Da zagaye ya zo kansa ya fara yabon wani littafi sama-sama, da ka ji ka san bai gama shi ba. Gajere ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam, tsaya. Nan ba a yi mana irin ta Mai Agogo." Baƙon ya tambayi waye shi, Gajere ya nuna ni ya ce ga wanda ya kama shi, shi ya fi iya ba da labarin. Duk suka juyo suna dariya suna jira in fara. Na ce Gajere ya bayar, maƙogwarona yana ciwo. Ya bayar tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar da na yi. Da ya zo ƙarshe ya dafa kafaɗata yana kallon fuskata, ni ma na yi dariyar.