Tumunin Raliya

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa, har masinjan ofis yana hawa sabon babur, Sanusi ya sayi Fijo, kuma Fijon ce ta yi ajalinsa a hanyar Zariya. Ya bar matarsa Raliya da 'ya'ya biyu ƙanana, da tsohuwa a Kazaure, da gidan gwamnati a Nassarawa GRA wanda tun kafin sadakar arba'in wasu marasa kunya suka fara zuwa gaisuwa suna auna tagoginsa da ido. Ya kuma bar jita, wadda ita ce ta hana ƙanensa Maharazu sakat.

Injiniya ne Sanusi, amma in ya taso daga ofis ya yi la'asar, sai ya zauna a baranda ya rungume jitar nan da ya dawo da ita daga karatu a Ingila. Bai taɓa yi mata kiɗan Turawa ba. Waƙoƙin niƙa da na daɓe da ya ji a bakin matan ƙauyensu yake ɗora mata, kuma tsakanin baiti da baiti yakan ƙwanƙwasa katakon da zobensa na azurfa, yadda mata ke buga ƙwarya, har wurin ya cinye ya yi fari. Maharazu malamin makaranta ne a Tudun Wada, kullum yamma yana gefensa yana kwaikwayo. Komai ya ɗauka, har wata 'yar ƙwanƙwasa ta ƙarshe da ba ta shiga kiɗan ko kaɗan, wadda Sanusi kan yi in ya gaji, daidai lokacin da Raliya kan fito da shayi. Sau nawa aka ce wa Sanusi ya bari a ɗauke shi a tef, ya ce gobe. Ya tafi ba a ɗauka ba.

Da Raliya ta fita takaba, wani abokin marigayin da ke aiki a gidan rediyo ya zo da magana. Za su ɗauki shiri a zauren wani otal nan cikin unguwar, gaban jama'a, ya ce Maharazu ya zo ya kaɗa waƙoƙin wansa a adana su. Sai dai zauren babba ne, ga fankoki ga surutu, makirfo kuma guda ce, ta baki. Dole jitar ta shiga lasifika da kanta. Ga shi kuma bayan shirin da kwana kaɗan Baffa Ja'afaru zai iso daga Kazaure rabon gado, kuma ya riga ya aiko cewa abin kiɗan nan a yi masa kuɗi a sayar. In ba a ɗauka yanzu ba, shi ke nan.

Maharazu ya kira Tanko mai gyaran rediyo, wanda ke yi wa makaɗan otal-otal aiki. Tanko ya iso bayan la'asar da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ɗaure a bayan babur, ya baje kayansa a gareji, ya fito da 'yan na'urori biyu masu kai sautin jita cikin lasifika.

"Malam, zaɓi naka ne," in ji shi. "Wannan maƙala shi ake yi a bakin ramin jita, in an gama a cire, ko ƙwarzane ba zai bari ba. Wannan kuma," ya ɗaga wani abu kamar kwabo mai jelar waya, "a ciki ake manna shi jikin katako, ya zauna har abada. Amma sai na huda ta daga ƙasa wayar ta fito."

"Na maƙalawar," in ji Maharazu, tun kafin Tanko ya rufe baki.

Ba shawara ba ce, tsoro ne. Ranar da aka binne Sanusi, Baffa Ja'afaru ya damƙa wa Maharazu makullan gidan a gaban mutane ya ce kayan marayu ne, ko allura kar ta motsa sai an raba. Shi kuwa Maharazu ba shi da ko tsinke a gadon. Ɗaukar jitar ma da yake yi, da fargaba yake yi, balle ya sa a huda ta.

Tanko ya maƙala, ya jona waya, ya murɗa. Maharazu ya kaɗa, sauti ya cika gareji, tas da shi, har maigadin gidan maƙwabta ya leƙo ta saman shinge. Ya kai ƙarshen baiti ya buga nasa zoben a katako. Lasifika ta yi shiru, kamar ba a yi komai ba. Ya sake bugawa da ƙarfi.

"Kar ka fasa ta," in ji Tanko. "Maganaɗisu ne, ƙarfen tsirkiya kaɗai yake ji. Katako sai na cikin."

Kiɗan da babu ƙwanƙwasar nan kowa ma zai iya yin sa. Abin da za a adana a rediyo sai ya zama kiɗan wani malamin makaranta kawai. Maharazu ya zauna da jita a cinya yana kallon farin wurin da zobe ya cinye. Ya ji haushin Baffa, ya ji haushin Tanko da kayansa, ya ma ji haushin mamacin da gobensa da ba ta ƙarewa.

"A bar shi haka," ya ce a ƙarshe. "Da babu gara wannan."

"Ba kiɗansa ba ne."

Raliya ce a ƙofar da ta haɗa gareji da kicin, lulluɓe da mayafi. A da, ita da Maharazu ba sa haɗuwa sai sun yi tsiya irin ta matar wa da ƙanen miji, tana ce masa tuzuru yana ce mata mai ƙona miya. Tun rasuwar, gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninsu.

"Yaya, na sani," ya ce, kansa a ƙasa. "Amma sai an huda ta, ni kuma ba ni da iko. Ta marayu ce."

Ta dubi Tanko. "Malam, yaya girman ramin?"

Tanko ya nuna mata kan ɗan yatsansa.

"Maharazu, kai ne malami. Matar da miji ya bari da 'ya'ya, me take da shi a abin da ya bari?"

"Tumuni. Kashi ɗaya cikin takwas."

"A cikin komai?"

"A cikin komai."

"To ramin nan bai kai tumuni ba. Ku huda a rabona. In Baffa ya zo, ni zan gaya masa na riga na ci nawa a jita, duk abin da ta rage a daraja a cire a kasona."

Maharazu ya buɗe baki zai kawo hukunci, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya kife jitar a cinyarsa ya riƙe ta da hannu biyu, ya yi bisimilla. Tanko ya kafa ƙarfensa a gindinta yana murzawa a hankali. Garin katako ya zubo fari a kan wandon Maharazu, ƙamshin sabon itace ya tashi daga abin da ya fi shekara goma a gidan. Raliya ta matso ta tattare garin a tafin hannu, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta koma kicin.

Tanko ya sassauta tsirkiyoyi, ya zura hannu ya manna abin, ya ɗaure, ya jona. Maharazu ya ɗauko waƙar niƙa. Da ya kai ƙarshen baiti ya buga zobe, sai ƙwanƙwasar ta fito daga lasifika, mai nauyi, mai zurfi, ta ratsa bango. Ya ci gaba yana kaɗawa hawaye na zuba, har ya kai ƙarshe, hannunsa ya yi 'yar ƙwanƙwasar nan da ba ta shiga kiɗa, kamar yadda ya koya.

"Na'am!" in ji Raliya daga kicin, da sauri, da muryarta ta da.

Sai aka ji kofi ya faɗi ya fashe.

A nan Maharazu ya gane. Shekara da shekaru yana kwaikwayon abin nan a zaton kiɗa ne, ashe kiran matarsa Sanusi yake yi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin suka yi shiru. Tanko ya kashe amfilifaya, ya sunkuyar da kai yana naɗe wayarsa, kukan Raliya yana fitowa ta ƙofar kicin.