Haya Ko Saye

Saura wata huɗu Saja Lenora ta tuɓe kaki, kuma duk garin Lawton babu wanda ya kai mijinta Emmett ƙidayar kwanakin. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana biye da ita daga wannan bariki zuwa wancan. Shi kafinta ne, kuma ya iya aikinsa, amma ina amfanin iyawar mutumin da ko yaushe ya fara yin suna a gari sai takardar canjin wurin aikin matarsa ta iso? Sau huɗu yana tara masu ba shi aiki, sau huɗu yana tafiya ya bar su. Har shayin da ake haɗa wa matan sojoji ya sha zuwa, shi kaɗai mai gemu a tsakiyar mata, ana tambayarsa yadda ake gyara ƙofar kabad.

Alkawarin da ke tsakaninsu kowa ya san shi. Idan wa'adinta ya cika a watan Yuni ba za ta sabunta ba. Za su ɗauki 'yarsu Junie su koma jihar Arkansas, inda mahaifin Emmett ya tsufa ya bar shagon katako a kulle yana jiran ɗansa. Abu ɗaya ya rage, a-kori-kura mai ƙarfi da za ta ɗauki katako da injin yanka, don tsohuwar motarsu ko tsani ba ta iya ɗauka.

Ana cikin haka Lenora ta ɓullo da maganar haya. Wata safiya tana ɗaure igiyar takalmi, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Me zai hana mu karɓi ta haya? Mu riƙa biyan dillalai duk wata, bayan shekara uku mu mayar musu da abarsu."

Emmett ya yi dariya har kofi ya kusa sarƙe shi. "Haya? Nora, kin taɓa ganin kafinta da motar haya? Su ƙayyade maka mil ɗin da za ka yi a shekara, in ƙusa ta karce bayanta su ci ka tara. Sai dai in riƙa shimfiɗa wa katako bargo."

"Biyan wata ya fi sauƙi."

"Ya fi sauƙi, ranar ƙarshe kuma ka dawo gida a ƙafa."

Ta ɗauki hularta ta fita. Amma bayan kwana biyu ta sake tayar da zancen, ta kuma sake, har ya fara jin haushi. Matar da ke lissafin kowane kwabo, wadda ba ta yarda a sayi tawul ɗin takarda sai an yi ragi, ita ce yau take son su biya kuɗin motar da ba za ta zama tasu ba. Ya ɗauka tsoron barin albashi ne, ya ce a ransa in sun je gaban dillali ta ga lissafi da idonta za ta sauko.

Ranar Laraba da tsakar rana ta fito daga aiki a lokacin cin abinci, da kakinta, suka haɗu a ɗaya daga cikin wuraren sayar da motocin nan da suka yi layi a bakin ƙofar bariki, kowanne da tutar da ta fi ofishinsa girma. Dillalin, Otis, tsohon soja ne da ya yi shekara ashirin da biyu kafin ya yi ritaya ya ajiye tumbi. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya da birki. Ya zagaya da su, Emmett ya ga wata fara mai dogon baya, ya shafa ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ji ransa ya kwanta da ita.

Suka zauna a ofis. Otis ya jawo takarda ya ja layi a tsakiya, saye a dama, haya a hagu, ya cika kowane gefe da lambobi. Sannan ya ce, "Amma fa kafin mu wahalar da kanmu, gidan nan ba ma ba soja hayar da ta wuce kwanakin da suka rage masa a aiki. Shekara uku ake magana."

Emmett ya jingina da kujera, daɗi ya kama shi. "To ai magana ta ƙare, Oga Otis. Saura mata wata huɗu. Kawo takardun saye."

"Wata huɗu?" Otis ya gyara tabarau. "A'a, maigida, ba haka na gani ba. Saja, ba ke kika cike takardar neman haya ta waya shekaranjiya ba? Ai da takardar albashinki ta zo."

"Bar shi kawai," in ji Lenora. Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda take tsawata wa kurata da ita ba.

Amma Otis ya riga ya juyo da fuskar kwamfutar wajensu, ya ɗora ƙaton yatsansa a kan wani ɗan akwati a saman takardar, inda ake rubuta ranar da wa'adin soja zai ƙare. Duk wanda ya auri soja ya san akwatin nan. Emmett ya fi shekara yana duba shi duk wata, yana murmushi shi kaɗai.

Ya duba. Watan ba Yuni ba ne. Shekarar ma ba bana ba ce.

Ya sake dubawa, ya ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur kamar ɗan aji ɗaya. Shekara shida. Ya ji kunnuwansa sun toshe, ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta yi nisa. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne, "Kuskure ne. Ofishin albashi sun saba, bara ma sai da suka..."

Ya juya don ta goya masa baya, ya ga ta ƙura wa hular da ke cinyarta ido. Nan ya san ba kuskure ba ne.

Shi kuwa Otis, Allah ya shirye shi, bai lura da komai ba. Ya miƙa wa Lenora hannu yana fara'a. "Barka, Saja, haka ake so. Kuma kin yi dabara da kika zaɓi haya. Ka gane, maigida, in takardar tafiya ƙasar waje ta fito, doka ta ba soja dama ya dawo mana da motar haya, ba tara, ba rigima. Wadda ka saya kuwa sai ka karyar da ita. Ina aka ce za a tura ku?"

Hannun Otis ya daɗe a miƙe kafin ya janye shi.

"Ina za a tura mu, Nora?" in ji Emmett.

"Jamus."

"Yaushe?"

"Oktoba."

"Yaushe kika sa hannu?"

"Sati biyar ke nan."

Sati biyar. A cikin sati biyar ɗin nan ya buga wa mahaifinsa waya ya ce a sa a gyara rufin shago. Ya ƙi karɓar aikin wani babban gida saboda ba zai gama kafin Yuni ba. Junie ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa za ta koma inda kakanta yake da doki. Kuma duk dare matar nan tana zaune a tebur ɗaya da su, tana miƙa masa dankali, tana jin suna tsara wane ɗaki za a yi wa shuɗin fenti. Mamaki ya hana shi fushi. Kallonta kawai yake yi, yana neman inda ta ɓoye wannan abu a fuskar da ya ɗauka ya haddace.

Sai a lokacin Otis ya fara shan jinin jikinsa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, maimakon ya yi shiru sai ya ce, "Af, to ba ka je rantsuwar sabunta aikin ba? Ai miji ake kira ya tsaya gefen tuta, kwamanda ya ba shi takardar godiya. Tawa matar guda huɗu ta tara, suna nan a bango."

Emmett ya san al'adar sarai. Sau biyu yana tsayawa gefen tutar nan da rigarsa mai kwala, ana karanta sunansa, ana gode masa da haƙurin da ya yi, ana tafi.

"Wa ya tsaya miki?" ya ce.

"Ba kowa. Na ce musu kana wurin aiki."

"Takardar fa? Sun rubuta?"

Ta gyaɗa kai.

"Da sunana?"

"Tana aljihun tebur a ofis."

Wannan ta fi ranar da ke kan kwamfuta yi masa ciwo. An tara mutane, an gode masa a kan abin da bai san an yi ba, an ninke godiyar an sa a aljihun tebur. Ya ji kunya ta rufe shi, don duk wanda ya gaishe shi a kantin bariki cikin satin nan ya san abin da shi bai sani ba.

Otis ya miƙe yana lalubar aljihu. "Bari in duba ko an wanke motar." Ya fita ya ja ƙofa, amma ofishin gilashi ne, ana ganinsa tsaye a waje yana kallon silin.

Lenora ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. "Na je ajin da ake yi wa masu barin aiki. Suka ba mu takarda, wai kowa ya rubuta abin da ya iya wanda zai yi amfani a waje. Emmett, minti arba'in ina riƙe da biro. Tun ina shekara sha tara nake cikin kakin nan. A nan in na yi magana mutum talatin ke miƙewa. A Arkansas wace ce ni? Matar Emmett."

"Ni shekara sha ɗaya mijin Lenora ne."

"Na sani."

"Ban mutu ba."

"Na sani. Na yi niyyar gaya maka, kullum sai in ce gobe. Na ce in muka karɓi hayar, ka samu motar ka ɗan ji daɗinta, sai in..." Ta kasa ƙarasawa.

"Sai ki ba ni aron wata takwas, zuwa Oktoba."

Shi kuma lissafin ya ci gaba da tafiya a kansa ba da son ransa ba. Sha ɗaya da shida, sha bakwai. Babu sojan da ke ajiye aiki a shekara sha bakwai alhali fansho na jiransa a ashirin. Ko yaron da ya shiga jiya ya san wannan.

"Ba shida ba ce," ya ce a hankali. "Tara ce. Baba yana da saba'in da takwas."

"Jamus ba lahira ba ce. Ana zuwa hutu. Junie za ta ga duniya."

"Junie doki take so ta gani."

Ta share ido da bayan hannu, da sauri, irin na wadda ba ta so a ga soja yana kuka a cikin kaki. Ya so ya ji tausayinta, kuma ya ji, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Yana sonta yau kamar yadda yake sonta jiya. Amma ya duba cikinsa ya nemi ƙarfin sake naɗe kayan aikinsa a kwali karo na biyar, ya tarar babu.

Ya ɗaga wa Otis hannu ta gilashi. Dillalin ya shigo a sanyaye, ya zauna a bakin kujera.

"Oga Otis, saye zan yi."

"Emmett," in ji Lenora.

"Ka tabbata, maigida? Ba dole sai yau ba. Ku je gida ku yi shawara, motar ba gudu za ta yi ba."

"An riga an yi shawarar, ba ni a wurin. Kawo takardun."

Otis ya jawo su, ya cire murfin biro, ya yi ta gyaran murya. "Sunan mutum biyu za a sa, ko..."

"Nawa kaɗai."

Lenora ta dubi agogon hannunta, don lokacin cin abinci ya ƙare, ƙarfe ɗaya kuma mutum talatin na jiranta a fili. Ta miƙe. Ta nufi ƙofa da hular a hannu.

"Adireshi fa?" in ji Otis, murya ƙasa-ƙasa. "Na gidanku na cikin bariki zan rubuta?"

Gidan bariki da sunanta aka ba su, kamar kowane gida da ya kwana a ciki tun ranar aurensu. Emmett ya buɗe baki, ya faɗi lambar gidan mahaifinsa, da sunan titin, da sunan garin, a hankali yadda Otis zai iya rubutawa.

Tana bakin ƙofa, ta ji duka. Hannunta ya daɗe a kan mariƙin kafin ta murɗa shi.