Mangwaron Seyni

Duk Gaya babu mai buta irin ta Rabo, Sarkin Samarin garin. Tulu ne kawai aka yi wa baki, har abokai kan ce in Sarkin Samari ya tashi alwala sai kogi ya ragu. Shi kuwa ko a jikinsa.

Damina biyu ke nan da samariyar garin, wato ƙungiyar matasa, ta yi gayya, ta dasa mangwaro a jere kan hanyar da ta gangara mashigi, inda fatake da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke gasuwa a rana suna jiran jirgin fito. Kumandan, mai mulkin yankin, ya ba da dashe, samari suka haƙa ramuka, ƴan mata suka yi ta waƙa da tafi. Kowane saurayi da nasa icen, kuma da sunansa ake kiran icen. Rabo, da yake ya san halin mutanensa, sai ya kafa doka: wanda ya ba dashe ruwa, shi ke da shi. A ganinsa, tsoron a ƙwace wa mutum nasa zai kori lalaci.

Dokar ta yi aiki, amma ba irin aikin da aka sa ta ba. Ana gama girbi rabin samarin suka ƙetare kogi, suka nufi Kumasi ci-rani. To, mutumin Gaya zai ari jirginka bai tambaye ka ba, zai ci tuwon gidanka har ya nemi ƙari, amma ba za a ce ya zuba ruwa a gindin icen wani don ya gaje shi da ransa ba. Haka mutane suka riƙa wucewa da tulunan ruwa a ka, suna kallon dashen matafiya yana bushewa, kowa na jin kunyar taɓawa.

Cikin waɗanda suka tafi har da Seyni, ƙanen Rabo. Wasu sun dawo da damina, shi bai dawo ba, bai kuma aiko ba. Ƙwarya ɗaya suka tashi suna ci, ɗaki ɗaya suke kwana, har yau Rabo kan tsinci kansa yana rage rabin fura. Kewar yaron ta dame shi ƙwarai, ga shi babu wanda zai faɗa wa, don a gida an soma daina ambatonsa. Wuri ɗaya ya rage a Gaya da ake kiran sunan kullum, in ana kwatance: "Ka jira ni wajen mangwaron Seyni."

Shi ya sa Rabo ya sayi butar nan. In lokacin salla ya yi, sai ya cika ta a kogi, ya hauro ya tsuguna gindin icen, ya yi alwala a natse, abin da ya rage ya tuntsurar kamar da kuskure.

Ranar da aka zauna duba aikin, bayan la'asar, samari suka bi jerin tare da Baba Zakariya'u, dattijon da ya taɓa riƙe sarautar samari tun kafin a haifi yawancinsu. Tsohon yana tafe yana taɓa busassun sanduna da sandarsa.

"Wanga na wa?"

"Na Cha'ibu. Ya tahi."

"Wanga hwa?"

"Na Ma'u. Shi ma."

Aka yarda dai aikin ya ci rabi ya bar rabi. Rabo ya ce laifin dokarsa ne, aka ce a soke ta daga gobe, amma yau sai an raba abin da ya rayu bisa yadda aka yi alkawari. Suna cikin haka suka iso gindin wani ice da ya fi kowane tsawo, ganye shar, ƙasar gindinsa da danshi.

"Na Seyni," in ji wani.

"Seyni daga Kumasi yake aiko mai da ruwa?" Baba Zakariya'u ya tambaya.

Auta, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce, "Baba, a tambayi butar Sarki."

Aka kwashe da dariya, ban da Rabo. Ya san dokar, shi ya yi ta. Gobe za a ce mangwaron Sarki, jibi kuma a manta da wanda ya haƙa ramin.

"Baba, ni ban ba shi ruwa ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Alwala nike yi."

Tsohon ya dube shi, ya dubi butar. Shi ma yana da ɗa can ci-rani a Akara.

"Ruwan alwala na Allah ne," ya ce. "In ya zuba ƙasa, ba mai cewa nashi. Icce na Seyni ne, har ranar da ya zo nan da ƙahwarshi ya ce ya bar shi."

Taro ya watse. Auta ya tsaya, ya sosa ƙeya, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"Sarki, wani direba ya ce mini ya ga Seyni. Ya yi aure can, har ya kama gida. Ban jin zai komo."

Rabo ya ɗaga kai ya dubi ƙetaren kogi, inda jirgin fito ke tahowa cike da mutane.

"Ka dai ji Baba," ya ce. "Ko barin shi za ya yi, sai ya zo."

Rana ta yi ƙasa. Ya ɗauki butarsa ya gangara kogi.