Wasiƙar Mushe Chaibou

Ranar Talatar da korin Telwa, busasshen rafin garin, ya kawo ruwa aka farke cikin Zahra'u, kuma ba lokotoro, wato likita, ne ya farke shi ba.

Mahaifinta, tsohon malamin Faransanci da ake kira Mushe Chaibou, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, shi ya kai ta gidan likita da hantsi. Mijinta yana wajen haƙar zinariya a Jado, inda waya ba ta shiga. Ramata, majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin fiɗa, ta danna cikin, ta ja fatar idon ta duba, sannan ta fito da shi baranda.

"Baba, juna biyu ne ya zauna a waje da mahaifa, ya fashe. Jini yana zuba ta ciki. Lokotoro ya tafi Dabaga da asuba, ruwa ya tare shi a ƙetare."

"To, a jira shi."

"Ruwan sai la'asar zai faɗa. Ita ba za ta kai azahar ba. Zan buɗe in danne jijiyar, in riƙe har ya zo. Ku sa mini hannu."

Mushe Chaibou ya dube ta kamar yadda ya saba duban ɗalibin da ya kwafi amsa. A ƙarshen wannan barandar, shekara shida da suka wuce, aka miƙo masa zanen matarsa a ƙunshe, aka ce ya yi haƙuri. Tun daga nan bai ƙara yarda da farar riga ba.

"Ke a wace makaranta aka ba ki wuƙa?"

"Shekara ashirin ina miƙa ta, Baba. Na san inda take bi."

"Mai wanke tukunya ma kullum tana ganin miya."

Ramata ta koma ciki, Zahra'u ta dangwala yatsa a takardar da kanta, aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Ya buga ƙofar, mai gadi ya zaunar da shi. Ya kira lokotoro sau tara, babu reso, waya ba ta shiga. Shiga ta gagara, tafiya ta gagara, Telwa kuwa ba ta karɓar ƙara. Abin da ya rage masa a duniya alƙalamin bik ne da bayan takardar magani. Sai ya yi abin da ya iya: ya rubuta wa shugaban gidan likitan wasiƙa, da Faransancin da ko a Paris ba za a sami aibunsa ba. Ya ambaci doka, ya ambaci sunan Ramata sau uku. Kafin azahar ya miƙa wa sakatare, aka buga hatimi.

Lokotoro ya iso bayan la'asar, wando jiƙe har gwiwa. Ya tarar da Ramata tsaye, awa shida ba ta matsa daga kan cikin ba. Ya ƙarasa aikin, ya fito yana goge hannu.

"Mushe, ɗiyarka ba ni za ta gode wa ba."

Washegari ya je karɓo wasiƙarsa. Sakatare ya ce ta riga ta wuce Yamai. "Ai rubutu irin wannan ba ya kwana a kan tebur, Mushe."

Bayan mako uku aka yi wa Ramata canjin wurin aiki zuwa Bilma, can cikin hamada. Ranar da za ta tafi ta biyo gidansu duba ɗinki, da ƙullin dabino a hannu. Ta zauna bakin tabarma tana tsokanar Zahra'u, wai ta zana mata tabon da ya fi kwalliyar amare.

"Baba, ku riƙa ba ta romo, kar ta ɗauki ko buta. An ce wani ne ya kai ƙarata. Ban sani ba, Allah ya sani."

Ya raka ta har bakin lungu. Motar Bilma tana jira, tana sauri, ta durƙusa ta ce ya sa mata albarka. Ya sa. Kalmomi uku ne kawai suka rage, masu sauƙin da ɗan aji ɗaya zai iya furta su, amma ya riƙe su har ta sha kwana: ni na rubuta.