Sa Hannun Attaher

Raliya ta sake danna maɓallin, jan rubutun ya sake fitowa. Tun da hantsi take fama da shi a biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya da ke Dakoro. Aikin ba ya buƙatar hannun mutum. Kowace safiya na'ura ke ɗauko sabon tsarin manhajarsu daga ma'ajiyar Git da ke wata sarber, babbar na'urar ajiya, a Yamai, ta harhaɗa, ta gwada, sannan ta tura wa makiyaya saƙon waya kan rijiyoyin da ke da ruwa. Yau ta cije tun a matakin farko, wai ba ta yarda da sertifikar sarber ɗin ba, wato shaidar da ke tabbatar mata da wa take magana.

Mainassara, shugaban biron, ya leƙo yana share gumi.

"Har yanzu? Gobe fa kasuwar Kornaka. In saƙon ga bai tafi ba, mutane za su kora bisashe rijiyar da ta ƙafe."

"Shef, ta ƙi amincewa da sarber ɗin."

"Ba a iya ce mata ta bar tambaya?"

"Ana iyawa, layi guda ne. Amma daga nan duk wanda ya amsa mata, abin da ya miƙo shi za ta tura wa mutane."

Ta duba agogon na'urar, daidai yake. Rezo ma, wato layin intanet, lafiya lau. Sai ta buɗe sertifikar kanta. A gurbin da sunan kamfanin da ke ba su shaida ya saba fitowa, ta ga Attaher Abarci. Shi ya gina tsarin nan, kuma ya rasu da damina a haɗarin mota kan hanyar Roumbou. Jiya aka sa hannun.

 Ta karɓi makulli ta nufi ɗakinsa na ƙarshen baranda, wanda ba a buɗe ba tun bayan zaman makoki. Rana na tsakiya, amma ciki duhu. Butarsa na bakin ƙofa, da silifas ɗinsa a jere. Can ƙarƙashin tebur wani abu na gurnani a hankali. Ta durƙusa ta ga tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, koriyar fitilarta na ƙiftawa, batirin sola na ciyar da ita.

Ta yi ajiyar zuciya, har ta so yin dariya. Ashe ya bar wa na'urar umarnin sabunta shaida da kanta, ita kuwa na'ura ba ta san ya tafi ba. Raliya ta yi masa addu'a, ta zare wayar kuran da ke ba na'urar wuta. Ɗakin ya yi tsit.

Ta koma mazauninta ta sake tayar da aikin. Jan rubutu. Ta buɗe sertifikar. Sunan Attaher ne dai, amma sabuwa ce, an sa mata hannu yanzun nan, bayan ta kashe waccan na'urar.

Mainassara ya sunkuyo bisa kafaɗarta ya karanta.

"Ban da ɗakin can, ina kuma makullin sirrin da yake sa hannu da shi yake?"

"Cikin ƙaramar ordinater ɗin da yake yawo da ita."



"Jandarmomi sun kawo mana hularshi da agogonshi," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Jakar ordinater ɗin, ba wanda ya gan ta."

Raliya ta dubi allon. Ko ma wane ne ke riƙe da jakar, yana can yana jira ta ce wa na'urar ta bar tambaya. Ta miƙa hannu ta cire wayar rezo, ta ɗauki salularta ta fara neman lambar ardon Kornaka don ta isar da saƙon rijiyoyin da baki.

Wayar na ƙara a kunnenta, Mainassara ya tashi ya rufe tagar da ke kallon titi, duk da zafin.