Gilashin Agogon Baffa Jibrin

Ƙas!

Ikram ta ɗauke hannunta daga kan ƙarfen matse gilashi, ta zuba wa abin ido. Sabon gilashin ya tsage tun daga baki har tsakiya. Guda biyu ta sayo a wurin wani tsoho mai gyaran agogo a Jakara. Yanzu saura ɗaya, shi ma ya ɗan fi bakin agogon faɗi.

Ta bayan katanga tarin maƙwabcinsu Baffa Jibrin ya sake tashi, mai tsawo, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Da ya lafa sai ga muryar Inna Kande, matarsa.

"Ikram! 'Yar nan, kina ciki?"

"Ina nan, Inna."

"Ya ce a sake tambayarki. Ko koko ya ƙi sha, agogonsa kawai yake nema."

"Na kusa, Inna. Yanzu zan shigo da shi."

"To, ki dai hanzarta." Ta rage murya. "Ki hanzarta, kin ji?"

Gyaran agogo ba sana'ar Ikram ba ce. Bayan ta gama jami'a tana zaman jiran hidimar ƙasa, ta koya a waya, ta tara 'yan ƙarafanta a gwangwanin alewa. Ba ta iya hira ba, amma takan wuni a kan agogo ɗaya ba ta gaji ba. Baffa Jibrin ne kaɗai a lungunsu na Zaitawa bai yi mata dariya ba. Shi ne ladanin masallacin lungun tun kafin a haife ta, kuma da agogon nan yake kiran salla, tsohon agogo irin wanda ake murɗa wa kai kullum da safe. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya aika a kira ta.

"Injiniya," ya ce, "gilashin nan ya tsufa, ya yi hazo. Masallatai sun yi yawa, kowa da lokacinsa. Ba na so in riƙa tambayar Kande ko azahar ta yi. Canza mini shi, in gani da idona."

Gilashin kuwa ya ƙoƙe, ya yi rawaya, duk ya kakkarce. Ta ce masa gobe. Goben ta zama mako, saboda samun daidai girmansa ya yi wuya.

Ta ɗauki gilashi na biyu, ta shimfiɗa samfefa a kan tire, ta fara goga gefensa tana juyawa a hankali. Ta gwada, bai shiga ba. Ta ƙara gogawa. Ɗakin ya fara duhu alhali ko la'asar ba ta yi ba. Hadari ne ya taso daga gabas, ya haɗe har kan Goron Dutse. Ta matsa bakin ƙofa don ta samu haske. Iska ta kaɗa labule, ta watso ƙura a kan fuskar agogon da ke buɗe, sai da ta sake share ta da ɗan burushi.

A gidan Baffa ta ji an ja kujera, ta ji Inna tana cewa, "Sannu, Malam. Sannu." Tarin bai sake tashi ba. Shirun ya fi tarin tayar mata da hankali.

Ta sa gilashin cikin faratan ƙarfen, ta murɗa kaɗan-kaɗan har gefensa ya tsuke. Ta ɗora a bakin agogon, ta yi bismilla, ta saki. Ya zauna daram. Lambobin suka fito fes, siririn hannun yana zagayawa. Ta zura hijabi, ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Ɗakin Baffa yana warin man zafi da danshin damina. An jingina shi da filo biyu. Inna Kande na zaune a gefen katifa da kofi a hannu.

"Salamu alaikum. Baffa, ya jiki?"

"Injiniya ce?" Muryar ta shige ciki. "Na ce ko kin sayar da shi kin sayi janbaki."

"Haba Baffa. Ga shi."

Ta ɗaura masa. Ko da ta kai ramin ƙarshe na maɗaurin, agogon sai da ya zame har tsakiyar hannunsa. Ta tallafe gwiwar hannun, ya ɗaga shi zuwa fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Ya matso da shi, ya nesanta.

"Ke, ba ki canza ba."

"Na canza, Baffa. Sabo ne."

"Sabo ina? Hazon ma ya ƙaru. Ko hannun ba na gani." Ya juya kai. "Kande, ɗage labulen nan."

Labulen a ɗage yake. Ikram ta dubi gilashin, tana iya ganin fuskarta a ciki. Ta dubi idanun Baffa, a buɗe suke, amma sun wuce agogon suna kallon wani wuri a bayansa. Inna Kande ta kalle ta, ta girgiza kai sau ɗaya.

Ikram ta sunkuya kan agogon.

"Laifina ne, Baffa. Yatsuna ne suka ɓata shi. Bari in goge."

Ta kama gefen hijabinta, ta goge gilashin da babu komai a kansa, ta sake gogewa. 

"Duba yanzu."

"Yauwa," ya ce a hankali. "Ya fara washewa." Ya yi numfashi biyu masu nauyi. "La'asar ta yi ko?"

"Saura kaɗan."

"Na gani. Saura kaɗan."

Ya karkata hannun, ya kai agogon kunnensa, ya kwantar da kunci a kai. Leɓɓansa na motsi. Inna Kande ta ajiye kofin, ta matso, ta fara maimaita kalmar shahada kusa da fuskarsa, ba da ƙarfi ba. Ikram ba ta saki gwiwar hannun ba. Ta ji yana ƙara nauyi a tafinta, yana ƙarawa, har ya zama ita kaɗai ke riƙe da shi.

Inna Kande ta kai yatsu ta shafa idanunsa.

A tsakar gida yayyafi ya fara sauka, ɗigo-ɗigo a kan kwano. Farar rigar Baffa da aka wanke da safe tana kan igiya, ruwa yana jiƙa ta daga kafaɗa, babu wanda ya tashi ya ɗauke ta.