Tanderun Murjanatu

A kan tukunya Babaji ya saki Murjanatu.

Tanderu ta sayo a ɓoye, tukunyar yumɓun nan da ake gasa gurasa a cikinta, ta kafa a bayan ɗaki. Shi kuwa ya dawo daga Legas inda ya kai shanu a tirela, ga gajiya, ga layin mai da ya sha a hanya, sai ya tarar da matan maƙwabta cike da tsakar gidansa, kowa da kwanonta.

"Matata ce za ta sai da gurasa? A nan Hausari? Don a ce Babaji ya kasa riƙe gida?"

Ya sa ƙafa ya doki tukunyar, ta dare biyu. Ta faɗa, ya faɗa, bakinsa ya suɓuce da saki ɗaya. Kafin la'asar ta shiga motar Damagum, gidan yayanta Siddiƙu.

Mako bai zagayo ba gidan ya yi masa girma. Abinci ya daina shiga. Abokansa a tasha suka ce, "Saki ɗaya ne fa. Muddin tana cikin idda, ka ce ka mayar da ita, shi ke nan."

"Da wace fuska? Hannu rabbana zan je?"

Ya yi lissafinsa: idda wata uku ce, lokaci na nan. Ya bar wa wani direba motar, ya kira Kyari magini, ya kai shi bayan ɗaki.

"Nan nake son tanderu biyu, a binne su cikin gini. Nan murhu mai baki uku. Ƙasan duk a yi daɓen siminti, a kafa rumfar kwano, kada rana ta taɓa ta."

Kyari ya dubi fasasshiyar tukunyar da ke jingine a bango, ya yi dariya. "Oga, kai ke fasawa, kai ke ginawa? Da irinku goma ne a Fataskum da na yi mota."

Suka kama aiki. Babaji da kansa ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, yana takawa har gwiwa. Sai damina ta sauka da ƙarfinta. A ɗora gini yau, gobe ruwa ya zaizaye gefe. Suka rufe da tamfol ɗin mota, ginin ya ƙi bushewa.

"A hura wuta mana ya bushe," in ji Babaji.

"Ka hura yanzu, ya tsage tun daga gindi. Sai ya sha iska." Kyari ya goge hannu a wando. "Ka ji ta tsoho, ka tafi Damagum yau. Gini ba ya gudu."

"Sai ta zo ta ga abu a kammale. Ina so ta shigo ta rasa ta cewa."

Da aka samu rana ta buɗe, ginin ya yi fari, daɓen ya yi santsi kamar faranti. Babaji ya sa shadda, ya fesa turare, ya tari tasi.

A zaure Siddiƙu ya karɓe shi, gaisuwar ba yabo ba fallasa. Aka kira Murjanatu. Ta zo ta zauna a bakin ƙofa, mayafi har goshi. Ta rame.

Babaji ya gyara murya. "Yaya, ka zama shaida. Na mayar da matata."

Siddiƙu ya sunkuyar da kai.

"Malam Babaji," ta ce, kuma bai taɓa jin ta kira shi haka ba, "na gama idda tun Juma'ar da ta wuce."

"Wace idda? Ai wata uku bai cika ba!"

"Wa ya ce maka da wata ake ƙirga wa mace irinta?" in ji Siddiƙu a hankali. "Tsarki uku ne. Ita ta san lissafinta, ba kalandarka ba. Da ka tambayi kowane malami a unguwarku."

Babaji ya fara zuba zance: tanderu biyu, murhu, rumfa, daɓe, fulawa buhu guda da ya ajiye mata a ɗaki. "A ɗaura sabo! Yau ma in kun yarda. Ku yanka sadaki duk yadda kuke so."

Ta ɗago ido, sun yi ja.

"Duk tirelar da ta rage gudu a titin nan, sai na ajiye abin da ke hannuna na leƙo zaure. Har matar Yaya ta fara yi mini dariya. Ko saƙo a bakin direba ban samu ba."

"Aikinki nake yi, Murja! Wallahi aikinki nake yi!"

"Da ka fasa, ba ka tambaye ni ba. Da ka gina ma ba ka tambaye ni ba." Ta miƙe. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Labule ya faɗi a bayanta. Ya kira sunanta, ya sake kira. Ƙarar turmi kawai ke fitowa daga cikin gida.

Siddiƙu ya rako shi har bakin titi. Suka tsaya, motocin Damaturu na wucewa suna watsa ruwan kwata.

"Ran Laraba za mu aiko a kwashe kayan ɗakinta," in ji shi.

Babaji ya gyaɗa kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tanderun fa? Nata ne."

Siddiƙu ya dube shi da tausayi, ya ɗaga wa wata tasi hannu.

"Wannan ai ba ya ɗaukuwa, Babaji."